AWON JININ JAMA'A DON SANIN YAƊUWAR ANNOBA

Duk sa'ad da annoba ta auka wa ƙasa, tambayar farko da hukuma da likitoci ke yi ita ce, mutum nawa ta kama? A kan amsar wannan tambaya ake tsara kome, watau yawan gadajen da za a tanada a asibiti, da yawan allurar rigakafin da za a sayo, da kuma ko ya kamata a rufe makarantu da kasuwanni ko a bar su a buɗe. In lissafin ya kauce, ko dai a yi sake har cuta ta yi ɓarna, ko kuwa a takura wa talakawa, a hana su fita neman abinci ba bisa dalili ba.

Cutar Korona, wadda likitoci suka sa wa suna COVID-19, ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin cikin watan Disamba na 2019. Ran 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da shigowarta Nijeriya ta Legas, ran 11 ga Maris kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta zama annoba mai game duniya. Sai ran 5 ga Mayu, 2023 hukumar ta janye matsayinta na gaggawa. A cikin waɗannan shekaru an yi amfani ƙwarai da wata dabara ta awon jinin jama'a don a san iyakar inda cutar ta kai. Wannan dabara ita ce za mu bayyana a nan, domin ba da Korona aka fara ta ba, ba kuwa da ita za a daina ba.

DALILIN DA YA SA LISSAFIN ASIBITI BAI ISA BA

A lokacin annobar, kullum akan sanar a rediyo cewa yau an sami mutum kaza da suka kamu. Waɗannan su ne waɗanda aka gwada aka tabbatar. Amma kafin sunan mutum ya shiga wannan lissafi, sai ya ji ciwo, ya yarda ya tafi asibiti, ya tarar akwai kayan gwaji, sa'an nan a aika da sakamakon ga hukuma. A kowane mataki mutane da yawa suna zubewa. Wani cutar ta shige shi ta fita bai ko yi tari ba. Wani ya ɗauka mura ce ko zazzaɓin cizon sauro, ya sayi magani a kanti ya sha. Wani yana tsoron kada a killace shi, wani kuwa ƙauyensu ya yi nisa da wurin gwaji.

Saboda haka lissafin asibiti kamar dorina ce a cikin kogi. Wanda ke tsaye a bakin gaɓa ba ya ganin kome sai kunnuwa da hanci, alhali kuwa gangar jikin tana ƙarƙashin ruwa. Awon jini shi ne hanyar sanin girman abin da ruwa ya rufe.

MAKAMAN JINI

Korona tana cikin ƙwayoyin cuta da ake kira bairas, waɗanda suka fi sauran ƙwayoyin cuta ƙanƙanta, ba sa kuma iya hayayyafa sai a cikin jikin mai rai. In irin wannan ƙwaya ta shiga jikin mutum, akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da ke aiki kamar maƙera. Su ne ke ƙera waɗansu sinadarai da ke manne wa ƙwayar cutar, su hana ta shiga sassan jiki, su kuma nuna ta ga sauran dakarun jiki don su hallaka ta. Likitoci suna kiran waɗannan sinadarai antibodi, a nan kuwa za mu kira su makaman jini. Tun a 1890 waɗansu masana biyu, Emil von Behring Bajamushe da Kitasato mutumin Japan, suka nuna a birnin Balin cewa ruwan jinin dabbar da jikinta ya saba da dafin wata cuta yana iya kāre wata dabbar daga wannan dafi.

Abubuwa uku ya kamata mai karatu ya riƙe game da waɗannan makamai. Na farko, kowace cuta da nata, kamar yadda kowane kwaɗo yake da makullinsa. Makamin da jiki ya ƙera don ƙyanda ba ya kama Korona. Na biyu, ƙirar tana ɗaukar lokaci, kamar mako ɗaya zuwa uku bayan shigar cutar. Na uku, makaman ba sa ɓacewa da zarar an warke. Na Korona sukan zauna watanni, ko da yake suna raguwa sannu a hankali, na ƙyanda da na shawara kuwa sukan zauna har iyakar ran mutum.

To, wannan na uku shi ne gindin maganar. Ɓarawo ya shiga gida da dare ya fita, ba wanda ya gan shi, amma da safe ga sawunsa a tsakar gida. Haka makaman jini suke, sawun cuta ne a jikin mutum.

GWAJI IRI BIYU

Kada a rikita gwajin jini da gwajin hanci. A gwajin hanci akan zura ɗan tsinke mai auduga a hanci ko a maƙogwaro, a nemi ƙwayar cutar ita kanta. Abin da yake nunawa shi ne ko mutum yana ɗauke da cutar a yau, da shi kuma ake yanke shawarar jinya da killacewa. Bayan 'yan makonni ba zai ga kome ba. Gwajin jini kuwa makaman yake nema, watau yana nuna ko cutar ta taɓa ratsa mutum. Ba a amfani da shi don sanin ko majinyaci yana da Korona a yanzu, gama wanda ya kamu jiya jikinsa bai ƙera kome ba tukuna.

Jinin da ake ɗiba kaɗan ne, ko dai a tsaga ɗan yatsa a sami ɗigo, ko a ja abin da bai fi cokali ɗaya ko biyu ba daga jijiyar hannu. Baligi kuwa yana da jini wajen lita 5 a jikinsa. A ɗakin bincike akan raba ruwan jinin da ƙwayoyinsa, a zuba shi a kan wani ɓangare na ƙwayar cutar wanda aka harhaɗa, wanda ba ya iya sa ciwo. In akwai makaman sai su manne, na'ura ta nuna alama.

AIKIN BA BAƘO BA NE A ƘASAR NAN

A 1925 Gidauniyar Rockefeller ta Amurka ta kafa wurin binciken zazzaɓin shawara a Yaba, cikin Legas. A shekarun 1930 masu binciken suka riƙa bin garuruwan Afirka ta Yamma, har da na Nijeriya, suna karɓar jinin mutane. Sukan gauraya ruwan jinin da ƙwayar shawara, su yi wa fararen ɓeraye allura da shi. In ɓerayen sun rayu, to, mai jinin ya taɓa yin shawara, makamansa ne suka tsare su. Ta haka aka gane cewa cutar ta ratsa wurare da yawa da ba a taɓa ba da labarinta ba. Har ma akan san lokacin da ta wuce, domin in manyan gari suna da makaman amma yara 'yan ƙasa da shekara goma ba su da su, lalle cutar ta yi shekara goma ba ta zo garin ba. Cibiyar Binciken Likitanci ta Nijeriya da ke Yaba a yau daga wannan tushe ta taso.

A 2018 kuma an bi gida gida a dukan jihohin ƙasar nan don awon cutar ƙanjamau, aka sami kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ita. Sai dai a lura da bambanci: ƙwayar ƙanjamau ba ta barin jiki, don haka samun makamanta a jinin baligi yana nufin tana nan, ba kamar Korona ba.

YADDA AKE ZAƁEN WAƊANDA ZA A GWADA

Ba shi yiwuwa a ɗebi jinin dukan mutanen ƙasa, ba a kuwa bukatar haka. Uwargida ba ta shanye tukunyar miya don ta san ko gishiri ya ji, cokali ɗaya ya ishe ta, muddin ta motsa tukunyar kafin ta ɗanɗana. Haka kuma mai sayen hatsi ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya zura hannu can ciki. Duk wahalar wannan aiki tana wajen tabbatar da cewa waɗanda aka gwada sun yi kama da sauran jama'a.

Hanya mafi inganci ita ce ta bin gidaje. Akan ɗauko jerin ƙananan yankunan da hukumar ƙidaya ta yanka, a zaɓi waɗansu ta hanyar ƙuri'a, a rubuta dukan gidajen da ke cikinsu, a sake yin ƙuri'a a fitar da gidajen da za a shiga. A kowane gida akan nemi maza da mata, yara da tsofaffi. Ta haka mai kuɗi da talaka, ɗan birni da ɗan ƙauye, kowa yana iya faɗowa.

Akwai hanyoyi masu sauƙi da arha, kamar gwada jinin masu ba da gudummawar jini a asibiti, ko na mata masu zuwa awon ciki. Suna da amfani wajen saurin samun labari, amma masu ba da jini galibi samari ne ƙarfafa, ba yara ba tsofaffi. Mafi rauni duka ita ce a yi shela a ce mai so ya zo. A Afrilun 2020 an yi haka a gundumar Santa Kilara ta jihar Kalifoniya a Amurka, inda aka gayyaci mutane ta Facebook, aka gwada kimanin 3,300, aka sami 50 da alamar makaman. Masana da yawa suka soki sakamakon, domin wanda yake zaton ya yi ciwon shi ya fi saurin amsa irin wannan gayya.

ABIN DA AKA GANO

Ƙasar Sifen tana cikin waɗanda cutar ta fi yi wa ɓarna a farkon 2020. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Mayu aka gwada mutum fiye da 61,000 waɗanda aka zaɓo daga gidaje a duk faɗin ƙasar. Aka tarar kashi 5 cikin ɗari kaɗai ke da makaman, a yankin Madrid kuwa sun haura kashi 10. Wajen sulusin waɗanda aka samu da makaman sun ce ba su ji ciwon kome ba. Darasin da hukuma ta ɗauka shi ne, duk da yawan mace-macen da aka yi, mutum 95 cikin 100 cutar ba ta taɓa su ba tukuna, watau sauran tafiya da nisa.

A Kenya an gwada jinin masu ba da gudummawa kimanin 3,000 tsakanin Afrilu da Yunin 2020, aka sami kashi 4 da ɗoriya cikin ɗari, a lokacin da waɗanda aka tabbatar a dukan ƙasar ba su wuce 'yan dubbai ba. A Indiya an maimaita awon sau da yawa. Na farko, a Mayu da Yunin 2020, bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, na huɗu kuwa, a Yuni da Yulin 2021, ya nuna wajen mutum biyu cikin uku.

A Nijeriya, Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa da Cibiyar Binciken Likitanci ta Yaba sun bi gidaje a jihohi huɗu cikin Satumba da Oktoban 2020, suka gwada mutum fiye da 10,000. Sakamakon da aka sanar a Fabrairun 2021 ya nuna kashi 23 cikin ɗari a Legas, 23 a Enugu, 19 a Nasarawa, 9 a Gombe. Ko da an ɗauki mutanen Legas miliyan 15 ne kawai, kashi 23 cikin ɗari ya kusa miliyan uku da rabi, alhali a ƙarshen Oktoban 2020 waɗanda aka tabbatar a dukan Nijeriya ba su kai 65,000 ba. A Yunin 2021 aka yi irin wannan awo a Kano da Babban Birnin Tarayya, aka sami kimanin mutum 4 cikin kowane 10.

Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara irin waɗannan bincike na ƙasashen Afirka, sai ta bayyana a Afrilun 2022 cewa ya zuwa Satumban 2021 wajen kashi 65 cikin ɗari na mutanen nahiyar sun taɓa kamuwa, watau kusan ninki ɗari na abin da aka sanar.

INDA KUSKURE KE SHIGA

Ba ma'aunin da ba ya kuskure, shi ma gwajin jini yana da nasa iri biyu. Wani lokaci yakan ce akwai alhali babu, wani lokaci kuma ya ce babu alhali akwai.

Mu ɗauka akwai gwajin da ke yi wa mutum 1 cikin 100 ƙarya cewa yana da makaman. A wani gari aka gwada mutum 1,000, waɗanda suka kamu da gaske kuwa 10 ne. Gwajin zai nuna waɗannan 10, ya ƙara da wajen 10 daga cikin sauran 990, a sami 20. Rabin lissafin ƙarya ke nan. Amma in waɗanda suka kamu da gaske 250 ne, na ƙarya ba za su wuce 7 ko 8 ba, ba za su ɓata lissafi ƙwarai ba. Don haka sakamakon da aka samu a farkon annoba, sa'ad da cuta ba ta bazu ba, shi ya fi bukatar a yi hattara da shi.

Har wa yau, gwajin da ya yi kyau a Turai ba lalle ya yi kyau a nan ba. Masu bincike sun ɗauko jinin da aka ajiye tun awon ƙanjamau na 2018, tun Korona ba ta zo duniya ba, suka gwada shi da waɗansu kayan gwaji da aka shigo da su. Waɗansu suka nuna alamar Korona, aka kuma ga kuskuren ya fi yawa a jinin masu yawan makaman zazzaɓin cizon sauro. Saboda haka wajibi ne a jarraba kowane gwaji da jinin mutanen ƙasa kafin a fita da shi.

Kuskure na biyu yakan zo ne daga raguwar makaman. Wanda ya kamu wata takwas da suka wuce, musamman in ciwon bai yi masa tsanani ba, gwaji yana iya kasa ganin sawun. Masana sukan gyara lissafi saboda waɗannan duka, shi ya sa sukan ce adadin yana tsakanin kaza da kaza.

Da aka fara allurar rigakafi a Nijeriya cikin Maris na 2021, sai wata tambaya ta taso, domin allura ma tana sa jiki ya ƙera makamai. An warware wannan ta haka: allurai irin su AstraZeneca da Pfizer da Moderna suna koya wa jiki sanin ƙayoyin da ke bayan ƙwayar cutar kaɗai. Wanda cutar ta shiga jikinsa kuwa yakan ƙera makamai har na wani sashe da ke can cikinta. In aka nemi na wannan sashe na ciki, sai a bambanta wanda ya kamu da wanda aka yi wa allura.

AMFANIN SAKAMAKON DA IYAKARSA

Babban amfani shi ne sanin ainihin haɗarin cuta. A ce a gari mai mutum 100,000 an tabbatar 500 sun kamu, 20 sun mutu. Wanda ya dubi wannan zai ce cutar tana kashe 4 cikin 100. In awon jini ya nuna kashi 20 cikin ɗari sun kamu, watau mutum 20,000, sai lissafin ya koma 1 cikin 1,000. Amma wannan ba ya tsayawa sai in an ƙidaya mamatan daidai, a wurare da yawa kuwa akan binne mamaci ba tare da an rubuta ba. A Kano an yi mace-mace masu yawa cikin Afrilun 2020. Bayan an bi iyalai an tambaye su, Ministan Lafiya ya bayyana a watan Yuni cewa daga cikin mamata 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa Korona ce sanadinsu.

Sakamakon yana kuma nuna inda cuta ta fi bi, ko birni ko ƙauye, ko matasa ko tsofaffi, da inda ba ta kai ba tukuna, don a san inda za a fara kai allura da kayan jinya. In an maimaita awon bayan 'yan watanni, akan ga saurin tafiyarta.

Abin da sakamakon ba ya nunawa shi ne cewa haɗari ya wuce. A birnin Manawus na ƙasar Barazil an ƙiyasta daga jinin masu ba da gudummawa cewa ya zuwa Oktoban 2020 kashi 76 cikin ɗari sun kamu, har waɗansu suka zaci cutar ta ƙare musu. A Janairun 2021 ta dawo da wani sabon nau'i, asibitoci suka cika, iskar taimakon numfashi ta ƙare, mutane da yawa suka mutu. Ƙwayar cuta tana sāke kama, makaman jini kuma suna raguwa. Mutum yana iya kamuwa da Korona sau biyu ko fiye.

ABIN DA AKE BUKATA DAGA JAMA'A

Cututtuka irin su shawara da ƙyanda da zazzaɓin Lassa suna nan, wata sabuwa kuma tana iya ɓullowa. Saboda haka ma'aikatan lafiya za su ci gaba da zuwa gidaje don irin wannan awo. In ƙuri'a ta faɗo kan gidanka, ga abin da ya kamata:

1. Ka nemi su nuna maka katin shaidar aiki. Bisa al'ada sukan fara gabatar da kansu ga hakimi da dagaci da mai unguwa, kana iya tambaya a can.

2. Ka sa su yi maka bayani da harshen da kake ji: me za a gwada, ina za a kai jinin, yaya za a tsare sunanka. Doka ce kowane binciken lafiya ya sami izinin kwamitin kula da ƙa'idojin bincike kafin a fara shi.

3. Ba a tilasta wa kowa, ba a kuma ɗibar jinin yaro sai da yardar iyayensa. Amma ka sani duk gidan da ya ƙi yana rage ingancin lissafin, ba a kuwa iya musanya shi da na maƙwabci.

4. Ka tabbata an buɗe sabuwar allura a gabanka. Ba a karɓar ko kwabo don wannan aiki.

5. Ka faɗi gaskiya game da ciwon da ka yi da allurar da aka yi maka. Kada a ɓoye tsofaffi da matan gida, gama lissafin da babu su bai cika ba.

6. In an ce an sami makaman a jininka, kada ka ɗauka ka fi ƙarfin cutar. Ka karɓi allurar rigakafi in likita ya ce ta kamace ka, in kuma ka ji ciwo ka tafi asibiti.

Malaman makaranta da limamai da masu unguwanni suna da babban aiki wajen bayyana wa jama'a wannan magana tun kafin ma'aikata su iso. Wanda ya karanta wannan takarda, ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya karatu ba.